Dalilan Da Ke Hana Wanda Aka Cuta Samun Diyya A Birtaniya

'Yan uwa, tun 1964 Birtaniya take biyan diyya daga baitulmali ga wanda aka yi wa ta'adi a jikinsa, kamar sara ko duka ko fyaɗe, ko da ba a kama mai laifin ba. A tsarin 2012 da ake aiki da shi a Ingila da Sikotilan da Weles, kuɗin yana farawa daga fam 1,000 har zuwa fam 500,000. Sai dai ba duk wanda jininsa ya zuba ne ake biya ba.

Wasu sharuɗɗan na ƙa'idar aiki ne. Dole a kai rahoto ga 'yan sanda da wuri, a ba su haɗin kai, a kuma shigar da buƙata cikin shekara 2. Akwai kuma batun zama: baƙon da ya je ziyara daga Nijar ko Gana ba ya cikin masu haƙƙi, sai in an tabbatar safararsa aka yi ko an ba shi mafaka.

Sai halin mutum a lokacin da abin ya faru. Wanda ya tsokano faɗa, ko ya fara kai hannu, ana iya rage masa ko a hana shi gaba ɗaya. Ɗaliban fiƙihu ba za su yi mamaki ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya ciji hannun wani, mai hannun ya fizge, haƙorin mai cizon ya fita, Manzon Allah (SAW) bai ba shi diyyar haƙorin ba. Shi ya jawo wa kansa.

Inda muke ganin da sauran magana shi ne tsohon laifi. Duk wanda aka taɓa yanke wa hukuncin ɗauri ko na aikin al'umma, kuma wa'adin da doka ta ɗiba na shafe laifin bai cika ba, ba ya samun ko kwabo. Jami'i ba shi da ikon duba uzuri, ko da laifin bai da wata alaƙa da cutar da aka yi wa mutumin. Wasu 'yan uwa biyu daga Lituwaniya, waɗanda aka yi safararsu zuwa Birtaniya aka bautar da su, an hana su saboda laifin sata da aka hukunta su a kansa a ƙasarsu tun kafin a kawo su. Sun kai ƙara har Kotun Ƙoli, amma a 2021 ta goyi bayan dokar. Hujjar gwamnati ita ce kuɗin na masu biyan haraji ne, an ware shi don waɗanda ba su da tabo. Mu dai a ganinmu masu safarar mutane irin waɗannan suke farauta, masu tabon da suke tsoron tunkarar hukuma.

Irin waɗannan dokoki sukan canza. A da, wanda ɗan gidansu da suke zaune tare ya cuta kafin Oktoban 1979 ba ya samun komai, wai don kada azzalumin ya ci daga kuɗin. Wannan ya rufe ƙofa ga mutane da yawa da aka lalata suna yara a gidan iyayensu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wariya ce a 2018, aka soke sharaɗin a 2019, aka kuma ba waɗanda aka hana a baya damar sake nema.