Awon Aikin Tsokokin Allon Kafaɗa: Yaya Ingancinsa Yake?

Ciwon kafaɗa ba baƙo ba ne ga manoman rani na Kura da Bunkure, inda ake ban ruwa daga dam ɗin Tiga, da maƙwabtansu na Dawakin Kudu. Wuni guda ana yankan shinkafa da lauje, ko ana saɓa buhu da kwandon tumatir, ya isa ya gajiyar da allon kafaɗa. Tsokoki 17 ne ke manne da wannan ƙashi, kuma idan ɗaya ta yi rauni sauran ne ke ɗaukar nauyinta.

Akwai awon da ake kira EMG. Duk lokacin da tsoka ta motsa takan fitar da 'yar wutar lantarki, sai a liƙa ƙananan faifai biyu a kan fata, tazarar kimanin santimita 2, na'ura ta karanta. Na'urar sauraro kawai take yi, ba ta sa wa mutum wuta.

To, shin za a dogara da sakamakon? Idan an maimaita awon a zama ɗaya ba a cire faifan ba, yawanci sakamakon kan zo kusa da juna. Matsalar takan taso ne idan an dawo wata rana. Faifan ya ɗan goce daga inda aka sa shi a baya, lambar ta canza. Gumi, man shafawa, kitsen ƙarƙashin fata da gajiya duk suna taɓa ta. Tsokar da ke ƙasan hammata a kan haƙarƙari, wadda ke riƙe allon kada ya ɗago, ta fi wuyar aunawa, domin fatar wurin na zamewa idan an ɗaga hannu. Shi ya sa ake sa mutum ya tura da iyakar ƙarfinsa tukuna, a riƙa gwada sauran awon da wannan. Mai ciwo kuwa sau da yawa ba ya iya bayar da ƙarfin duka.

Saboda haka lamba ɗaya ba ta yanke hukunci. Likita ko ma'aikacin gashin ƙashi zai haɗa ta da abin da ya gani da idonsa da bayaninka. Idan ana zargin jijiya ce ta taɓu, akan yi awon da siririyar allura.

In an ba ka ranar awo, kada ka shafa mai a kafaɗa, kuma kada ka taho kai tsaye daga gona. Idan ka yi aiki mai nauyi jiya, ko kana shan maganin tsinka jini, ka faɗa kafin a fara.