Girgizar ƙasa: abin da ke sa gidajen sama marasa daidaito murɗewa

Ran 23 ga watan Disamba na shekara ta 1972, girgizar ƙasa ta rushe tsakiyar Managuwa, babban birnin Nikaragwa. A garin akwai dogayen gidajen banki biyu kusa da juna. Na ɗaya, watau Banco de América, an shirya bangayensa masu ƙarfi a tsakiya, daidai wa daida ta kowane gefe. Ya tsaya, ɓarnarsa kaɗan. Na biyu, gidan Babban Banki, an tara matakalarsa da manyan bangayensa a ƙarshe guda. Ya murɗe, ya lalace ƙwarai. Girgiza ɗaya ce ta same su, bambancin yana ga tsarin gini.

Dalilin murɗewa

Masana sun ce kowane hawa na gini yana da cibiya biyu. Akwai cibiyar nauyi, inda girgiza ke tura shi. Akwai kuma cibiyar ƙarfi, inda ginshiƙai da bangaye ke tare turin. In cibiyoyin nan sun haɗu wuri ɗaya, gini yakan yi gaba ya komo baya kurum. In sun rabu, sai ya riƙa juyawa, kamar amalanken da ƙafarsa ɗaya ta maƙale cikin rairayi ana tura shi. Ginshiƙan da suka fi nisa da cibiyar ƙarfi su ke shan wahala, su ke fara karyewa.

An ga haka a birnin Meziko ran 19 ga Satumba 1985. Wajen kashi 42 cikin ɗari na gidajen da suka faɗi ko suka lalace ƙwarai, na kan kwana ne. Irin wannan gida yana da bango cikakke ta gefe biyu wajen maƙwabta, amma gefe biyu masu duban hanya ƙofofin kanti ne da tagogi.

Gwajin Isfara

Lissafi a takarda bai isa ba, shi ya sa aka gina gida musamman domin a gwada shi. A shekara ta 2004, a ɗakin gwaji na ELSA da Tarayyar Turai ke da shi a Isfara, ƙasar Italiya, an jarraba wani gini na kankare mai hawa uku, girmansa kamar na zama, cikin shirin da ake kira SPEAR. Malam Michael Fardis na jami'ar Fataras ta ƙasar Girka shi ya zana shi bisa tsohuwar hanyar gini ta ƙasarsu, wadda ba ta kula da girgiza ba. Kowane hawa mita 3 ne. Ginshiƙansa tara: takwas santimita 25 kan 25, ɗaya kuma 25 kan 75. Wannan babban ginshiƙi, da barandar da aka yi ta gefe guda, su suka raba cibiyoyin biyu da kamar mita ɗaya.

Ba a girgiza ginin ba. An kafe shi a ƙasa jikin wani ƙaton bango mai tsawon mita 16, aka haɗa kowane hawa da jak huɗu masu aiki da mai. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta ɗauki rubutun girgizar da aka yi a Mantanegaro a 1979, tana lissafa inda kowane hawa ya kamata ya kai. Jak su tura shi can sannu a hankali, a auna ƙarfin da ginin ya maido, sa'an nan a lissafa mataki na gaba. Ta haka girgizar ƴan daƙiƙu takan ɗauki awoyi, injiniyoyi suna kallon tsagewa tana buɗewa.

An fara da turi mai kashi 15 cikin ɗari na ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi, aka ƙara zuwa kashi 20. Ginin ya murɗe, kawunan ƙananan ginshiƙai suka farfashe, kuma hawa na biyu ya fi na ƙasa shan wuya, abin da lissafin farko bai hango sosai ba.

Daga nan aka gwada magani iri biyu. An naɗe ginshiƙai da ƙyallen zaren gilashi mai danƙo: ginin ya jure har kashi 30. Aka cire ƙyallen, aka kaurara ginshiƙai biyu da sabon kankare domin a kusantar da cibiyoyin: murɗewa ta ragu, amma a kashi 30 sai da aka tsaida gwaji, don sauran ginshiƙan da ba a taɓa ba sun kusa faɗuwa.

A Faransa wata hanya aka bi. A Sakale, hukumar CEA tana da tebur mai girgiza, sunansa Azalée, mita 6 kan 6, yana ɗaukar tan 100. A kansa aka girgiza ƙaramin gini mai hawa uku marar daidaito, rubu'in girman na gaskiya, cikin shirin SMART na 2008 da na 2013.

Darasi ga masu gini

Yankin Sahel ba ya cikin wuraren da ƙasa ke yawan girgiza. Amma Afirka ta yamma ba ta kuɓuta ɗungum ba: Akara ta girgiza a 1939, arewacin Gine kuma a watan Disamba 1983, an yi hasarar rayuka.

Gwajin Isfara ya nuna cewa daidaita gini wajibi ne, amma bai wadatar ba in ginshiƙai ba su da isassun zoben ƙarfe masu ɗaure sandunansu. Saboda haka ya kamata ma'aikacin da ke duba zanen gida kafin ba da izini ya tambayi inda aka tara bangaye, da inda aka bar fili. Mai gida kuma kada ya fasa bangon ƙasa don buɗe kanti, ko ya ɗora hawa ta gefe guda, sai da shawarar injiniya. Gyaran zane a takarda ya fi gyaran ginshiƙi araha.