Haƙoran kare: abin da ido ke gani da abin da hoto ke nunawa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kare yana tsaron gida da garke, yana kuma raka mafarauci daji. Ƙarfinsa yana cikin bakinsa. Karen da haƙori ke yi wa ciwo ba ya cin abinci sosai, sai ya rame, ya kasa aiki. Saboda haka ya kamata mu san yadda haƙoransa ke fitowa.

Haƙoran nono

Ana haihuwar kwikwiyo ba shi da haƙori ko ɗaya. Idan ya kai sati 3, haƙoran nono suna fara tsirowa. Kafin ya cika wata 2 sun kammala, su 28. Ƙanana ne, farare, masu tsini.

Famfara

Daga wata 3 zuwa 4 kwikwiyo yana fara famfara. Haƙoran gaba ne ke fara zuba, sannan fiƙoƙi, wajen wata 5 zuwa 6. Idan ya kai wata 7, manyan haƙora sun cika. Su 42 ne: 20 a sama, 22 a ƙasa. A cikinsu akwai na gaba 12, da fiƙoƙi 4, sauran 26 kuma na tauna ne. Lokacin famfara dasashi yana yi masa ƙaiƙayi, shi ya sa yake tauna takalmi da igiya.

Wannan sani yana da amfani ga mai sayen kare. Idan akwai sauran haƙoran nono da yawa a bakinsa, bai kai wata 6 ba. Kuma da zarar haƙoran gaba sun fara zuba, lokacin yi masa allurar rigakafin haukan kare ya yi, domin daga wata 3 ake yin ta.

Hoton haƙori

Ido ba ya ganin haƙori duka. Fiye da rabinsa saiwa ce, tana ɓoye cikin ƙashin muƙamuƙi. Don ganin saiwar, likitan dabbobi yana ɗaukar hoton ƙashi, wanda ake kira radiyo a gidan likita. Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Röntgen, shi ya gano hasken da ake ɗaukar wannan hoto da shi, a shekarar 1895. Hasken yana ratsa nama, amma ƙashi da haƙori suna tare shi, sai su fito fari a hoton. Sai an sa kare barci da allura kafin a ɗauka, domin ba zai tsaya ba.

Hoton yana nuna babban haƙorin da ya maƙale bai fito ba. Yana nuna saiwar da ta karye, ko wurin da mugunya ta ci ƙashi. Yana kuma taimakawa a kimanta shekarun kare: ramin da ke tsakiyar haƙori faffaɗa ne ga ƙaramin kare, yana tsukewa yayin da karen ke tsufa.

Abin da mai kare zai yi

Ba a samun na'urar hoto a ƙauye, amma ido yana gane wasu alamu. Idan fiƙar nono ba ta faɗi ba alhali sabuwa ta fito kusa da ita, abinci zai riƙa maƙalewa tsakaninsu, dasashi ya rube. Kada a fizge ta da ƙarfe, domin saiwar tana iya karyewa a ciki. Kumburi a ƙarƙashin ido, da warin baki, da tauna da gefe ɗaya, su ma alamu ne. A kai karen wurin ma'aikatan kiwo.

Hattara

Karen da halinsa ya sake, yana dalalar da miyau, bakinsa a buɗe, ya kasa haɗiya, kada a sa hannu a bakinsa da zaton ƙashi ne ya maƙale. Wannan yana iya zama haukan kare, cutar da ke kashe mutum. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi gidan likita ran nan, kada ya jira gobe.