Ilokos: Ƙasa Siririya, Mutane Matafiya

Wannan makon mun leƙa yankin Ilokos, a arewa maso yammacin tsibirin Luzon na ƙasar Filifin. Ƙasa ce siririya: teku ta yamma, duwatsun Kodilera ta gabas. Gona kaɗan, rani kuma mai tsawo. Kai makiyayi, ka san in wuri ya yi matsi dole wani ya fita nema. To, haka 'yan ƙabilar Ilokano suka yi. Tun 1906 suka fara tafiya ƙwadago gonakin rake a Hawai.

Kai kuma ɗan kasuwa, ji labarin birninsu Vigan. Fataken Sin na ciniki a nan tun kafin Sifaniyawa su iso a 1572. Daga baya 'yan mulkin mallakan suka tilasta noman taba, su kaɗai ke saye, su ke yanka farashi, kusan shekara 100.

Yau keken doki ke zagayawa da baƙi tsakanin tsoffin gidajen fatake, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1999. In ka je, tafarnuwarsu ita ce tsaraba.