Sana'ar UX da Littattafan da Suka Raine Ta

[KIƊAN BUƊE SHIRI]

MAI GABATARWA: Yau za mu leƙa wata sana'a ce da matasa da dama suka fara sha'awa, wadda ake kira UX a taƙaice. Sana'a ce ta tsara kayan amfani, musamman manhajojin waya da shafukan intanet, ta yadda mutum zai biya buƙatarsa da su ba tare da ya sha wahala ba. Za mu ji inda ta samo asali, da irin aikin da masu yin ta suke yi, da littattafan da suka gina tunaninsu. Sai ku gyara zama.

[KIƊA]

Bari mu faro daga Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943, sojojin saman Amurka na fama da wani irin haɗari da ya yi ta maimaituwa ga jiragensu na yaƙi samfurin B-17. Matuƙi zai dawo lafiya lau, ya sauka, jirgi na cikin gudu a ƙasa sai tayoyi su naɗe, jirgi ya zube da cikinsa. Kowane rahoto sai ya ce kuskuren matuƙi ne. Aka sa wani matashin hafsa mai ilimin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya bincika. Da ya shiga mazaunin matuƙi, sai ya tarar maɓallin naɗe tayoyi da na ƙananan fukafukan da ke rage wa jirgi gudu suna dab da juna, kuma kamarsu ɗaya. Mutumin da ya yi sa'o'i a sama, ya gaji tilis, idonsa na kan hanya, ta ina hannunsa zai bambance su? Chapanis ya liƙa wa na tayoyin wata 'yar ƙaramar tayar roba, ya ba ɗayan siffar fiffike. Daga nan hannu kaɗai ya isa ya gaya wa matuƙi abin da ya kama, kuma irin wannan haɗari ya kusa ɓacewa baki ɗaya.

Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar har gobe. Idan mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, a daina zargin mutanen, a je a duba kayan.

[KIƊA]

Wanda ya fitar da wannan tunani zuwa ga jama'a shi ne Don Norman, wanda ya fara karatun injiniyan lantarki sannan ya koma ilimin halayyar ɗan Adam. Yana cikin waɗanda aka gayyata su binciki haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Fensilbaniya, wanda ya auku a watan Maris na 1979. A can ma an fara ɗora wa ma'aikata laifi. Amma akwai wata fitila a ɗakin sarrafa tashar da ta sa suka ɗauka wani bututu a rufe yake, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an aika da umarnin rufewa. Bututun kuwa ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana ta zubewa.

A 1988 Norman ya fitar da littafin da aka fi sani da The Design of Everyday Things. Bai cika shi da maganar kwamfuta ba. Ya yi magana ne a kan ƙofofi, da famfuna, da murhun girki, da maɓallan fitila. Ya nuna cewa ƙofar da aka sa wa mariƙi tana kiran hannu ne ya ja, saboda haka in turawa ake yi, kowa zai yi kuskure, kuma wanda ya ƙera ƙofar ne ya jawo. Ya kuma koyar da cewa duk abin da mutum ya taɓa, dole ya ba shi amsa nan take, ya san ko abin ya yiwu ko bai yiwu ba. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya, allo ya tsaya cak, ya rasa ko kuɗin sun fita ko suna nan, ya san zafin rashin wannan amsa. A 1993 Norman ya kama aiki da kamfanin Apple, kuma daga muƙamin da ya riƙe a can ne sunan wannan sana'a ya bazu.

[KIƊA]

To, mene ne mai wannan sana'a yake yi in ya je wurin aiki? Mutane da yawa sun ɗauka zaɓen launi ne da ƙawata allo. Wannan wani ɓangare ne kawai, kuma a ƙarshe yake zuwa. Aikin ya fi kama da na tela nagari, wanda ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai rigar. Da farko zai je ya zauna da masu amfani da kayan, ya tambaye su, ya kalli yadda suke yi. Sai ya zana allon a takarda da fensir. Sai ya haɗa samfurin gwaji a manhaja irin su Figma. Sai ya miƙa wa wani wanda bai taɓa gani ba ya ce, bismillah, saya mini katin waya da wannan. Daga nan sai ya kama bakinsa. Zai ga yatsan mutumin yana shawagi a kan allo, ya danna inda ba nan ba, ya koma baya, ya ɗago kai yana neman taimako. Abin da ya fi wuya a sana'ar nan shi ne a daure kada a nuna masa, domin wannan ruɗewar ita ce darasin da aka zo nema.

Littafin da ya koya wa dubban mutane wannan gwaji shi ne Don't Make Me Think na Steve Krug, wanda ya fito a shekarar 2000. Ɗan ƙarami ne, ana iya gama shi a zama ɗaya ko biyu. Krug ya lura cewa mutane ba sa karanta shafin intanet layi-layi, ido kawai suke wurgawa su danna abin da ya fara yi musu kama da abin da suke nema. A wannan shekarar ce kuma Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmak da suka kafa kamfanin ba da shawara tare da Norman a 1998, ya bayyana cewa gwaji da mutum biyar kacal kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. Wannan albishir ne ga mai farawa, domin ba sai da ɗakin bincike mai tsada ba.

Shi kuwa Alan Cooper, a littafinsa na 1999 mai suna The Inmates Are Running the Asylum, ya soki yadda masu rubuta manhaja ke ƙera ta daidai da tunaninsu. Ya kawo dabarar siffanta mutum guda daga abin da bincike ya nuna, da shekarunsa da sana'arsa da buƙatarsa, a riƙa tambaya a kowane mataki ko wannan mutumin zai gane.

[KIƊA]

Masu sauraro, ilimin nan yana iya zama makamin cuta. Wanda ya san inda ido ke faɗawa zai iya ɓoye maɓallin fita, ya fito da na biyan kuɗi. A 2010 wani masani ɗan Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara irin waɗannan dabarun yaudara yana fallasa su. A 2022 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince da mayar wa jama'a dala miliyan 245 saboda tsarin da ya sa 'yan wasa sayen abin da ba su yi niyya ba. Duk mai shiga sana'ar nan ya sani amana ce zai ɗauka.

Akwai kuma abin da waɗannan littattafai ba za su ba matashinmu ba. Marubutansu sun yi su ne suna kallon mutanen da suka iya karatun boko, masu intanet mai ƙarfi. Wata mai bincike a cibiyar Microsoft da ke Bangalor a Indiya, Indrani Medhi, ta yi aiki da mata masu aikatau da ba su iya karatu ba. Ta gano cewa zanen hannu haɗe da bayanin murya ya fi yi musu amfani a kan rubutu, kuma jerin zaɓi mai rassa a cikin rassa yana ɓatar da su. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A nan akwai mai aika saƙon murya a WhatsApp domin rubutu na ba shi wuya, da mai tura kuɗi ta danna lambobi a ƙaramar waya, da dattijuwar da ke miƙa wa mai POS katinta har da lambar sirri saboda ba ta gane abin da allo ke cewa, da gidan da mutum huɗu ke amfani da waya ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matashin da ya tashi a Kano ko Damagaram, yake jin harshen waɗannan mutane, yana da abin da babu kamfanin da zai same shi daga nesa.

Saboda haka ga mai son farawa, ba sai da digirin kwamfuta ba. Masu wannan sana'a sun fito daga fannoni daban-daban, har da koyarwa da aikin jarida. Ka fara da littafin Norman, ka bi da na Krug. Sannan ka zaɓi manhaja ɗaya da mutanen unguwarku ke kuka da ita, ka nemi izinin mutum biyar ka kalli yadda suke amfani da ita, ka rubuta inda kowa ya maƙale, ka zana gyaran da kake gani, ka koma ka gwada. Irin wannan aiki, da bayanin dalilin kowane gyara, shi masu ɗaukar ma'aikata suke so su gani kafin takardar shaida.

Nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Da fatan Allah Ya sa albarka a neman kowa. Sai wani makon idan Mai Duka ya kai mu. Ku huta lafiya.

[KIƊAN RUFE SHIRI]