Gidan Mahadi a Umdurman: Zuriyar da Ta Tsaya Ba da Hoton Kaka Ba

 Yau za mu leƙa Sudan, amma bari mu biya ta Landan tukuna.

A shekarar 1537, Sarkin Ingila Henri na Takwas ya sa mai zane Hans Holbein ya zana shi a bangon fadar Whitehall, tare da mahaifinsa da mahaifiyarsa waɗanda suka daɗe da rasuwa. Gidansu bai jima da hawa gadon sarauta ba, domin mahaifin da yaƙi ya ƙwace ta a 1485. Saboda haka zanen hujja ce: duk baƙon da ya shigo ya ga uba, ya ga ɗa, ya san sarautar gado ce. Haka sarakunan Turai na wancan zamani suka riƙa jera fuskokin kakanni don su tsare kujera.

To, a Umdurman akwai gidan da ya yi ƙarfi ba tare da fuskar kakansa ba. Muhammad Ahmad, wanda ya ce shi ne Mahadi, ya ci Khartum a watan Janairun 1885, ya rasu a watan Yunin shekarar. Ba wanda ya taɓa ɗaukarsa hoto. Zanen da ake gani a littattafai ƙiyasin masu zane ne kawai.

Magajinsa, Halifa Abdullahi, ya gina masa doguwar kubba, wadda ake hango ta daga nesa. Turawan Ingila sun san darajarta. Bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba, 1898, Janar Kitchener ya sa aka rushe ta, aka watsa ƙasusuwan Mahadi a kogin Nilu. Sannan suka kafa nasu gumakan a Khartum: Gordon, wani janar nasu, a kan raƙumi, Kitchener a kan doki.

Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi da aka haifa bayan rasuwar uban, shi ya tayar da gidan. Bai gaji hoto ba, ya gaji Ratibi, wato wuridin da Ansar, mabiyan Mahadi, ke karantawa safe da yamma, da tarihin jibba mai faci-faci, da takobi. A 1919 ya kai takobin Landan ya miƙa wa Sarki Joj na Biyar, sarkin kuma ya mayar masa. Ya yi arziki da noman auduga a tsibirin Aba, ya tsaya wa jam'iyyar Umma da aka kafa a 1945, kuma a 1947 aka sake gina kubbar. Jikansa, Sadiƙ al-Mahadi, ya zama firaminista har sau biyu. Gumakan Turawa kuwa, bayan samun 'yanci a 1956 ba su daɗe ba aka sauke su, aka mayar Ingila.

Wannan labari ba baƙonmu ba ne. Hayatu ɗan Sa'idu, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi wa Mahadi mubaya'a, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin Mai Wurno a Sudan. Shehu ma ba shi da hoto. Ya rasu a 1817, tun ba a ƙirƙiro kyamara ba. Abin da ya bari Hubbare ne da littattafai da zuriya.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya taɓa gidajen tarihi, an kuma wawashe kayayyaki masu yawa. Don haka kira gare mu: duk mai tsohon littafi ko takobi ko tutar kakanni, ya adana, ya sa a rubuta tarihinsa. Idan kuma aka turo muku hoto a Facebook aka ce Shehu ne, kada ku yaɗa.