Me ke sa hoton kyamarar zamani ya fito da kyau?

A shekarar 1975 ne wani injiniya a kamfanin Kodak na Amurka, Steven Sasson, ya harhaɗa na'urar da ake ɗauka a matsayin kyamarar hannu ta farko da ba ta buƙatar fim.

Nauyinta ya kai kimanin kilo 3.6, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta shafe daƙiƙa 23 kafin ta naɗi hoto guda a kan kaset.

A shekarar 2023 kuwa, kamfanin Samsung ya fitar da wayar salula mai suna Galaxy S23 Ultra, wadda kyamararta ke da ɗigo miliyan 200.

Sai dai kuma yawan ɗigon, wanda 'yan kasuwa ke tallatawa da sunan megafiksel, ba shi ne kaɗai ke sa hoto ya yi kyau ba. Abubuwa biyu sun fi shi tasiri: yawan hasken da kyamarar ta kama, da kuma lissafin da ake yi a kan hasken bayan an kama shi.

Farantin kama haske

A bayan gilashin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti na silikon da ake kira sensa. An raba fuskarsa zuwa miliyoyin ƙananan gurabe, kowane gurbi yana mayar da hasken da ya faɗo masa zuwa lantarki, sannan a auna lantarkin a mayar da shi lamba.

Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro nau'in da ake kira CCD a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1969, abin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2009.

A farkon shekarun 1990, Eric Fossum da abokan aikinsa a wata cibiyar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, suka inganta wani nau'in mai suna CMOS. Bai kai CCD cin batir ba, ga kuma arha, kuma shi ne a cikin kusan dukkan wayoyin salula a yau.

Shi sensa ba ya bambance launi, ƙarfin haske kawai yake aunawa. Saboda haka ake shimfiɗa masa wata matata mai launi uku, wadda Bryce Bayer na Kodak ya samu rajistar mallakarta a 1976. Rabin guraben na ganin kore, kashi ɗaya cikin huɗu ja, kashi ɗaya cikin huɗu shuɗi.

Ke nan kowane gurbi launi ɗaya yake aunawa, sauran biyun kuwa manhajar kyamara ce ke ƙiyasta su daga guraben da ke maƙwabtaka da shi. Kashi biyu cikin uku na bayanan launin hoton lissafi ne ya samar da su.

Matsalar duhu

Babban abin da ke ɓata hoto shi ne ƙarancin haske. Haske na zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, ba bisa tsari ba, tamkar yayyafi. Idan aka jera kwanoni a tsakar gida ana yayyafi, wani zai tara ɗigo goma, na kusa da shi ya tara bakwai. Idan kuwa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bambancin ba zai taka kara ya karya ba.

Gurbin da ya kama ƙwayar haske 100, ma'auninsa kan yi sama ko ƙasa da kimanin kashi 10 cikin 100. Wanda ya kama 10,000 kuwa, kuskuren kashi 1 ne kawai. Wannan ne ke sa hoton dare ya fito kamar an barbaɗa masa yashi.

Hanya ta farko ta magance matsalar ita ce faɗaɗa farantin. Na manyan kyamarorin ƙwararru yana da tsawon milimita 36 da faɗin 24, wato ya ninka mafi girman wanda ake sa wa wayoyi kusan sau 7.

Hanya ta biyu ita ce sauya ƙirarsa. A da, siraran wayoyin lantarki na gaban guraben ne, suna tare wani ɓangare na hasken. A 2008 kamfanin Sony na Japan ya sanar da sensar da aka mayar da wayoyin bayanta, kuma daga baya wannan ƙira ta game wayoyin salula.

Ta uku ita ce haɗa gurabe. Wayar Nokia 808 ta 2012 na da megafiksel 41, amma takan dunƙule su ta fitar da hoto mai megafiksel 5 wanda ya fi tsabta. Ita ma wayar Samsung mai miliyan 200 takan haɗa gurabe 16 su zama guda.

Hotuna da dama a cikin ɗaya

Tun da ba za a iya cusa babban faranti cikin siririyar waya ba, sai kamfanoni suka koma ga lissafi. Da zarar an latsa maɓalli, wayar kan ɗauki hotuna da dama a jere, ta daidaita su, ta haɗe su wuri guda.

Da yake yashin da ke cikin kowane hoto daban yake da na ɗan'uwansa, haɗa hotuna huɗu kan rage shi da rabi.

Kamfanin Google ya fito da irin wannan tsari mai suna HDR+ a 2014, sannan a 2018 ya ƙara da Night Sight, wanda kan haɗa hotuna har 15 cikin duhu. Dabarar kan kuma taimaka da rana tsaka, inda take fito da fuskar wanda ke inuwa ba tare da sararin sama ya koma fari fat ba.

Bidiyo ya fi wuya

A bidiyo ana ɗaukar hotuna 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, don haka lokacin tara haske kaɗan ne.

Haka kuma akasarin sensa na CMOS layi-layi suke karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, abin da ke sa turakun lantarki su karkace idan an ɗauke su daga motar da ke gudu. A 2023 Sony ya gabatar da kyamarar a9 III wadda ke kama dukkan layukan a lokaci guda.

Akwai kuma ƙyaftawar fitila. A Najeriya da Nijar, kamar a Turai, wutar lantarki na juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuwa sau 60. Kyamarar da aka saita bisa tsarin Amurka kan fito da zane-zane a ƙarƙashin wasu fitilu, kuma mayar da ita kan hotuna 25 a daƙiƙa kan rage matsalar.

Ina iyakar gyara?

Da yake manhaja ce ke yanke hukunci kan haske da launi, abin da aka horar da ita a kai na da muhimmanci. An daɗe ana sukar kyamarori da gaza fito da baƙar fata yadda take.

Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai ƙera wayoyin Tecno da Infinix da Itel, ya daidaita kyamarorinsa domin masu duhun fata, kuma hakan na cikin abubuwan da ake dangantawa da karɓuwarsa a Afirka. A 2021 Google ya fito da nasa tsarin mai suna Real Tone.

Amma a watan Maris na 2023 taƙaddama ta ɓarke, bayan da wani ya dusashe hoton wata, ya nuna shi a allon kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung, sai ga hoton ya fito da ramukan da babu su a allon.

Kamfanin ya ce ba liƙa wani hoto yake yi ba, ƙirƙirarriyar basira ce ke gane watan ta ƙara fito da siffofinsa.

Batun ya shafi 'yan jarida da kotuna, waɗanda ke dogaro da hoto a matsayin shaida. Idan manhaja na iya cike abin da sensa bai gani ba, to tana iya cike fuskar mutum ko lambar mota da abin da ta zata.

A kan haka ne wasu kamfanoni, ciki har da Adobe da Microsoft, suka kafa ƙawancen C2PA a 2021 domin samar da hatimin da ke nuna asalin hoto da gyaran da aka yi masa. A 2023 Leica M11-P ta zama kyamara ta farko da aka sayar ɗauke da wannan hatimi.

Ga mai shirin sayen waya ko kyamara kuwa, girman sensa da hoton da ta ɗauka a ɗaki mai ƙarancin haske sun fi adadin megafiksel da ke jikin kwali bayyana ingancinta.